Maƙwabci Ma Arziki Ne

Ka ce wa mutum ya lissafa ni'imomin da Allah Ya yi masa, zai fara da lafiya, ya bi da 'ya'ya, sai sana'a, sai gidan kansa in yana da shi. Da wuya ka ji ya ambaci wanda katanga ɗaya ta raba su. Mutanen Yola da Jimeta kuwa bai kamata su manta da shi ba, domin sun ga ranarsa da idonsu a ƙarshen 2014.

A watannin Agusta da Satumba na shekarar ne Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika, ranar 29 ga Oktoba kuma Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar Adamawa, ta faɗa hannunta. Jama'a suka kwararo kudu, wasu a bayan manyan motoci, wasu da ƙafa ta cikin daji, wasu sai da suka tsallaka Kamaru sannan suka zagayo. Gwamnati ta buɗe sansanoni a Damare da Malkohi da Fufore, kuma can ne 'yan jarida suka fi ɗaukar hoto. Amma alƙaluman hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, na 2015 sun nuna kusan tara cikin goma na waɗanda rikicin ya raba da gidajensu a arewa maso gabas ba a sansani suke ba. Suna cikin gari, a gidajen mutane.

A tsaya a yi tunanin abin da wannan ke nufi. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, a Jambutu ko Doubeli ko Luggere, ya wayi gari da mutum ashirin ko talatin a gida mai ɗaki uku. Maza su kwana a zaure da tsakar gida, mata da yara su cunkushe a ɗakuna. Buhun masarar da aka yi wa lissafin wata biyu ya ƙare kafin a ankara. Wasu baƙin 'yan'uwa ne na jini, wasu abokan makaranta ne da aka rabu da su tun ƙuruciya, wasu kuwa 'yan'uwan aboki ne kawai, ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Kuma mai masaukin bai ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Na gefensa ne ya miƙo tabarmi, wani ya bar famfon rijiyar burtsatsensa a buɗe, wani ya ce ga kangona can, a rufa masa leda a shiga. Babu wanda ya rubuta sunayen waɗannan a takarda.

Akwai dai waɗanda aka san sunansu. Bishop Stephen Dami Mamza, wanda shi kansa ɗan Bazza ne a ƙasar Michika, ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa da ke Jimeta, dubban mutane suka fake a ciki, Kirista da Musulmi. Ƙungiyar Adamawa Peace Initiative, wadda aka kafa a 2012 da haɗin guiwar jami'ar Amurka da ke Yola, AUN, ta tara limamai da fastoci da 'yan kasuwa suna rabon abinci a coci da masallaci. A 2021 kuma bishop ɗin ya miƙa gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei ga waɗanda suka kasa komawa gida, da makaranta da coci, har da masallaci saboda Musulmin cikinsu. Ya sha suka a kan masallacin daga wasu mutanensa, bai fasa ba.

Ba wai kowa ne ya zama waliyyi ba. An sami masu gidajen haya da suka ga kasuwa ta buɗe suka tsawwala kuɗi. Da bam ya tashi a sansanin Malkohi cikin Satumban 2015, wani a masallacin Juma'a na Jambutu ranar 23 ga Oktoba, wani kuma a wajen kasuwar kayan gwari a Jimeta ranar 17 ga Nuwamba, sai zargi ya shigo, ana yi wa baƙuwar fuska kallon tsoro. Wannan ne ma ya ƙara wa alherin waɗanda suka ci gaba da riƙe baƙinsu daraja, domin sun yi shi ne cikin ƙunci da fargaba, ba cikin yalwa ba.

To, ya ake godiya a kan irin wannan? Addini bai bar mu cikin duhu ba. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya jera maƙwabci na kusa da na nesa da abokin zama cikin waɗanda aka umarce mu mu kyautata musu, tare da iyaye da marayu, kuma malamai kullum suna tuna mana cewa godiya ga Allah ba ta cika ga wanda ba ya gode wa mutane. Kiristan Jimeta ma ya tashi yana jin cewa ƙaunar maƙwabci na cikin manyan dokoki. Matsalarmu ba rashin sani ba ce. Mun iya cewa alhamdulillahi a kan darduma, amma nauyin baki ya hana mu taka zuwa ƙofar mutum mu ce masa, "Malam, abin da ka yi mana shekarun baya ban manta ba, Allah Ya saka da alheri." Sai ranar zaman makokinsa za ka ji ana ta zuba yabo, alhali mai shi ba ya ji. Zumunci a ƙafa yake. Kwanon kunu da ƙosai a lokacin azumi, naman layya, shinkafar Kirsimeti da ke tsallaka katanga, duba mara lafiya, biyan kuɗin jarrabawar ɗan abokin da kasuwa ta juya wa baya, duk godiya ce da ake gani. Haka nan yaron da aka goyo daga Mubi a 2014 yanzu ya yi wayo. Hakkinsa ne a faɗa masa gidan wa ya kwana, a kai shi ya gaida su.

Abin da ke damuna shi ne yadda sababbin unguwanninmu ke tashi. Doguwar katanga, waya mai kaifi a samanta, ƙofar ƙarfe, mai gadi. Tsaro ne ya kawo haka, ban ga laifin kowa ba. Sai dai mutum yakan shekara bai san sunan na gefensa ba, iyakarsu ɗaga hannu ta gilashin mota. Garin da ke bakin Binuwai kuwa ba wurin da za a zauna haka ba ne. An ga ambaliyar 2012 lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, an ga ta 2022, ga kuma ta ƙarshen Yulin 2025 da ta auka wa Shagari da Sabon Pegi a Yola ta Kudu mutane na barci, ta ci rayuka fiye da 20. A irin wannan dare, kafin kwalekwalen hukumar agaji ya iso, wanda zai yi ta dukan ƙofarka shi ne wanda ya san akwai tsohuwa a ɗakin baya da ba ta iya tafiya.