Tsuntsayen Bakin Ruwa Da Labarin Shigowar Bazara

Jama'a masu karatu, ku sani tun ba a ƙago na'urorin auna yanayi ba, mutanen bakin kogi suna gane juyawar shekara daga tsuntsaye. Wanda ya je fadamun Haɗejiya da Nguru a tsakiyar hunturu, musamman wajen Dagona ta ƙasar Bade, zai tarar da tsuntsaye kashi biyu. Akwai 'yan gida, watau dinya da ƙirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma baƙi, waɗanda ke ƙetaro hamadar Sahara daga Turai da arewacin Asiya wajen watan Oktoba, suna gudun sanyin ƙasarsu.

Baƙin nan su ne farkon masu ba da labarin bazara. Idan watan Fabrairu ya yi nisa, hazo ya fara sauƙi, sai a ga sun duƙufa ga kiwo, waɗansunsu suna tsintar shinkafar da ta zube a gonakin fadama, domin su tara kitsen da za su ƙetare hamada da shi. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda farin zanen da ke bisa idon namijinta yakan fito sarai a wannan lokaci, kamar an ja masa alli. Ran da mutum ya fito da sassafe cikin watan Maris ya ga garkensu ya ragu, to, hunturu ya yi sallama, zafi ya iso. Su kuwa gaggawa suke yi domin ƙanƙara ta fara narkewa can inda suke yin ƙwai.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba, har waɗansu na zaton tsattsewa cikin taɓon tafki take kwanciya. A shekarar 1822 aka harbo wani babban tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, a arewacin Jamus, da mashi irin na Afirka soke a wuyansa. Wannan ya zama babbar shaida cewa ƙasashenmu suke zuwa.

Bayan tashin baƙi sai a zuba ido ga shamuwa. Ita daga kudancin Afirka take tasowa, ta iso ƙasar Hausa tsakanin Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa bisa kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. Fara da tsutsa ne abincinta, shi ya sa take biyo ruwan sama. Manomin da ya gan ta, sai ya gama sharar gona, ya kai taki, ya fid da iri. Amma a yi hattara, shamuwa tana nuna damina ta kusato ne, ba ta ce ruwa ya zauna ba. Wanda ya zuba irinsa duka da ruwan farko, in fari ya biyo baya, sai ya koma neman wani da tsada.

Sai dai wannan ilimi ba ya ɗorewa in babu ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya masu daraja na yarjejeniyar Ramsar. Abin da ya kori tsuntsu daga fadama, shi ne ke korar masunci da makiyayi da manomin shinkafa.

Saboda haka ga shawara ga malaman makaranta da ɗalibansu. A zaɓi wuri ɗaya a bakin ruwa, a riƙa zuwa da sassafe sau ɗaya a mako, a zauna shiru. A rubuta ranar da baƙi suka tashi, da ranar da shamuwa ta fara sauka, da ranar da aka sami ruwan shuka. In aka yi shekara biyar ana haka, gari zai sami lissafin kansa. Maharba kuma su sassauta cikin Fabrairu da Maris, domin tsuntsun da ke shirin tafiya ya sami ƙarfin dawowa baɗi.