Soyayyar jinsi ɗaya a wasannin bidiyo: abin da ba a rubutawa a jikin kwali

Duk wanda ya leƙa shagon gem a Kafanchan da yamma, ƙwallo zai tarar ana bugawa. Samari sun yi cincirindo gaban talabijin, janareta na ruri a baya, wannan ya ɗauki Real Madrid, wancan Chelsea, wanda aka ci shi ke biya. Shi ya sa yawancin iyaye, daga Kagoro har Zonkwa, suka ɗauka gem bai wuce ƙwallo da faɗa ba. Alhali akwai wasanni masu dogon labari, inda ɗan wasa ke jan ragamar rayuwar jarumi: ya ƙulla abota, ya yi soyayya, har ya yi aure. A nan ne tambaya ta daɗe tana damun kamfanoni: wa za a bar jarumin ya so?

Maganar ba ta yau ba ce. Tun 1998 wasan Fallout 2 ya ba da damar auren jinsi. Amma The Sims ne ya fito da batun fili. A baje kolin E3 na 1999 a Los Angeles, ana cikin nuna wa jama'a wasan, sai mata biyu na cikinsa suka sumbaci juna ba tare da an shirya hakan ba. Kamfanin da ya yi wasan ya riga ya yi niyyar cire wannan dama, sai dai wani sabon ma'aikaci, Patrick Barrett, ya yi aiki da tsohuwar takardar tsari. Aka bar abin a haka, wasan ya fito a 2000, ya kuma yi kasuwa ba kaɗan ba.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Wasu kamfanoni kan ware wa kowane mutumin labari halinsa, kamar Mass Effect 3 na 2012, inda wani ba ya kula kowa sai jinsinsa. Wasu kuma, irin su Baldur's Gate 3 na 2023, sukan bar abokan tafiyar jarumi su karɓi soyayyarsa, namiji ne ko mace. Nintendo ta ƙi saka zaɓin a Tomodachi Life a 2014, ta sha suka a Amurka, har ta nemi afuwa.

Gwamnatoci ma ba su zura ido ba. Singafo ta haramta Mass Effect na farko a Nuwamban 2007, kafin ta janye ta mayar da shi na 'yan shekara 18 zuwa sama. Rasha ta ɗora wa The Sims 4 alamar 18+ a 2014, wasan da Turai ta ce ya dace da ɗan shekara 12. A 2023 Saudiyya ta ce Final Fantasy XVI ba zai shiga kasuwarta ba, domin kamfanin ya ƙi yin gyaran da ta nema. A wannan wasan, abin ba zaɓi ba ne. Soyayyar maza biyu tana cikin labarin kansa, ko ana so ko ba a so.

A Najeriya, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. A Kudancin Kaduna kuwa, inda coci da masallaci ke maƙwabtaka, batu ne da ba a cika ɗaga murya a kansa ba. Sai dai wasan da yaro ke saukewa ta intanet ba ya tsayawa a wani shinge. Yadda aka yi shi don Turai ko Amurka, haka yake isowa.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Hukumomin tantancewa, ESRB ta Amurka da aka kafa a 1994 da PEGI ta Turai ta 2003, suna auna yawan tsiraici da jini da ashar ne, ba jinsin masoyan ba. Lambar 12 ko 18 da ke jikin kwali ba za ta faɗa wa uba komai kan wannan ba.

Farfasa waya ko zargin yaro ba zai magance komai ba, cutar da shi kawai zai yi. Iyaye da malamai su tambayi sunan wasan, su bincika labarinsa, sannan su zauna da 'ya'yansu su yi magana cikin natsuwa.