Daga Yumɓu Zuwa Baƙi: Aikin Hannu Da Karatun Ƙananan Yara A Jos

Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana shirin karatu tun bai san baƙi da wasali ba. Abin da yake tarawa a wannan ƙuruciya shi ne kalmomi, da sanin cewa labari yana da mafari da ƙarshe, da ƙwarin yatsun da za su riƙe alƙalami. Aikin hannu yana ba shi waɗannan duka a zama ɗaya.

A unguwannin Jos irin su Kwararafa da Gangare da Anguwan Rogo, yara sun daɗe suna ƙera motar kara da ta langa-langa, suna gina shanun laka, 'yan mata kuma suna yi wa 'yartsana kitso. Manya kan ɗauki wannan ɓata tufafi ne kawai, alhali duk yaron da ya ƙera mota sai ya ba ta direba da fasinja da garin da za ta, labari ke nan ya samu.

Aikin uwa ko malama shi ne jawo labarin fili. A ce yarinya ta mulmula yumɓu, ta soka masa tsinken tsintsiya a matsayin ƙafafu, ta ce Gizo ne. Sai a tambaye ta: ina Gizo za shi? Me Ƙoƙi ta ce masa? Abin da ta faɗa a rubuta shi yadda ya fito daga bakinta, ban da gyara, sannan a karanta mata ana bin kalmomin da yatsa. A nan take gane cewa rubutu magana ce aka ajiye, kuma tata maganar ma ta isa a ajiye. Daga baya a murza lakar ta yi tsawo a lanƙwasa haruffa. Hannun da ya lanƙwasa kan ɓ da ɗ da ƙ ba ya saurin rikita su da b da d da k.

Jos tana da abin nuna wa yara. Gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 yana ɗauke da sassaken yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa, da tarin tukwane na ƙabilu daban-daban. Yaron da ya tsaya gaban kan Nok mai hudajjun idanu zai koma gida da tambaya, wataƙila da niyyar gina nasa. Guntayen fatar da dukawan Naraguta ke ragewa kuwa sun isa yin bangon ɗan littafi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, amma abin takaici, azuzuwan reno da yawa sun tsaya ga haddar haruffan Turanci da kwafar allo. Makarantar allo ma ta fi su sanin darajar hannu, domin almajiri yana ganin yadda ake feƙe alƙalamin kara, a haɗa tawada da zuge da ƙaro. Tatsuniya kuma gara ta zo da harshen da yaro ke ji, Hausa ce ko Berom ko Afizere.

Kayan ba su da tsada: kara, kwali, tsumma, kokon gari maimakon gam. Yanka da wuƙa ko reza aikin babba ne, haka ma ɗebo laka, don kududdufan da haƙar kuza ta bari suna da zurfi.