Hannu Biyu, Ƙafa Biyu Da Tsohuwar Waƙa: Labarin Masu Ogan Ɗin Silima

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba.

Yau za mu ɗan huta da maganar siyasa da tsadar rayuwa. Zan kai ku Amurka da Ingila, wurin wasu mutane masu wata irin sha'awa da ƙila ba ku taɓa jin labarinta ba. Mutum ne da aikinsa, akawu ne ko injiniya ko malamin makaranta da ya yi ritaya, amma in dare ya yi sai ya ɗauko waƙar da ta girmi kakansa, ya zauna yana tsara yadda za a kaɗa ta da wani ƙaton abin kiɗa da ake kira ogan ɗin silima. Ba mai biyansa ko sisi. Hasali ma aljihunsa ne ke kuka. To me yake yi takamaimai, kuma me ya kai shi? Ku biyo ni sannu a hankali.

Mu fara da abin kiɗan kansa. Ku ɗauka an tara sarewa ɗaruruwa, wata ba ta kai tsawon fensir ba, wata kuwa ta kai ƙafa 16, an jera su a kan akwatunan iska a cikin ɗakuna. Injin lantarki yana hura musu iska kamar zugazugin maƙeri. Shi makaɗin yana zaune can gefe, a gaban madannai irin na fiyano, hawa biyu ko uku ko huɗu, kowane hawa da madanni 61. A ƙasa kuma ga wasu manya guda 32 da ake takawa da ƙafa. Da ya danna, sai waya ta kai saƙo, bakin bututu ya buɗe, iska ta shiga, sauti ya fito. Wannan shi ne ogan mai bututu, kuma ya daɗe a majami'un Turai. Na silima ɗan'uwansa ne da aka haifa domin nishaɗi.

Dalilin haihuwarsa kuɗi ne, ba wani abu ba. Finafinan farko ba su da magana ko sauti, hoto ne kawai yake motsi. Dole mai gidan silima ya ajiye makaɗa su riƙa raka fim ɗin da kiɗa, kuma biyan cikakken rukunin makaɗa kullum ba ƙaramin nauyi ba ne. Sai ga wani Bature ɗan Ingila, Robert Hope-Jones, wanda asalinsa injiniyan wayar tarho ne, ya zo da dabarar da mutum ɗaya zai tsaya a madadin rukunin gaba ɗaya. A 1910 kamfanin Wurlitzer na Amurka ya sayi fasaharsa, ya shiga ƙera irin wannan ogan a garin North Tonawanda da ke jihar New York. Kafin ya daina a farkon shekarun 1940, ya ƙera sama da 2,000. Ban da bututai, an saka masa ganguna na gaske, da kuge, da ƙararrawa, har da kukan tsuntsu da jiniyar jirgin ƙasa da takun doki, duk daga wurin zaman mutum ɗaya ake sarrafa su.

Masu kaɗa shi sun zama taurari. Jesse Crawford, wanda ya koma gidan silima na Paramount a New York a 1926, mutane kan sayi tikiti domin su ji shi, ba domin fim ɗin kaɗai ba. A manyan gidaje, teburin madannan kan taso daga ƙarƙashin dandamali da makaɗin a kai, fitila na haska shi, jama'a na tafi.

Sai Oktoban 1927 ta zo da fim ɗin The Jazz Singer, wanda aka ji Al Jolson yana waƙa da magana a cikinsa. Cikin 'yan shekaru fim mai magana ya mamaye ko'ina, ga kuma karayar tattalin arziƙi ta 1929. Makaɗa da yawa suka rasa aiki. Aka rufe ogan da ƙyalle, ƙura da yoyon ruwa suka cinye wasu, wasu kuma suka tafi tare da gine-ginen da aka rushe. A Ingila abin ya ɗan fi daɗewa saboda rediyo da gidajen rawa. Reginald Dixon ya riƙe Wurlitzer ɗin zauren rawa na hasumiyar Blackpool daga 1930 har 1970, kuma har yau ana kaɗa Wurlitzer a wurin.

To da kasuwa ta juya baya, wa ya tsaya? Masu sha'awa ne. A 1955 suka kafa ƙungiya a Amurka, wadda yanzu ake kira American Theatre Organ Society. Suna kwance ogan daga gidan da za a rushe, su kwashe bututai a mota, su sake haɗa shi a makaranta ko zauren gari ko ma cikin gidan mutum. Akwai gidan cin abinci a garin Mesa na jihar Arizona, Organ Stop Pizza, inda ake cin abinci ana sauraron Wurlitzer mai bututu kusan 6,000. Amma fa ceto katako da ƙarfe rabin aiki ne. Abin kiɗa ba ya rayuwa sai da abin da za a kaɗa da shi, kuma a nan mai tsara waƙa yake shigowa.

Ga matsalar. Waƙoƙin wancan zamani an buga su ne a takarda domin murya da fiyano, wani lokaci ma karin waƙar ne kawai da 'yan alamomi a samansa masu nuna sautukan da za a haɗa a ƙarƙashi. Kamar a ba tela yadi ne a ce ya ɗinka, ba a ba shi awo ba. Su kuma manyan makaɗan ogan, yawancin abin da suke yi a kansu yake, ba su rubuta ba. Saboda haka mai son ya kaɗa irin nasu, ko dai ya zauna da tsohon faifai yana maimaitawa har ya tsinto sautukan ɗaya bayan ɗaya, ko ya tsara nasa daga tushe.

Za ku ce ai sai ya kaɗa na fiyanon kawai. Ba ya yiwuwa, kuma ga dalili. Fiyano in ka buga madanni, sautin yana fita da ƙarfi ya riƙa dusashewa, kuma ƙarfin yatsanka ne ke sa ya yi ƙara ko ya yi taushi. Ogan ba ruwansa da wannan. Muddin yatsanka na kai, sautin na nan yadda yake, ka ɗaga kuma ya yanke nan take. Ka kaɗa rubutun fiyano a kansa yadda yake, ko dai ka ji kiɗan na tsinkewa, ko ya dunƙule ya zama hayaniya. Dole a warware waƙar a sake raba ta.

Mu ɗauki misali da Blue Skies, waƙar da Irving Berlin ya rubuta a 1926. Abin mamaki, tana cikin waƙoƙin da Jolson ya rera a fim ɗin nan da ya raba masu ogan da abincinsu. Kamar yawancin waƙoƙin zamaninta, amshinta gaɓa 32 ne, an kasa shi huɗu, takwas-takwas: kari na farko, a maimaita shi, a kawo wani kari daban a tsakiya, sannan a dawo na farko. In an kaɗa sau ɗaya, da kyar ya wuce minti guda. Mai tsarawa kuwa yana son kamar minti uku ko huɗu ba tare da mai sauraro ya gaji ba.

Aiki na farko shi ne rabon gado tsakanin gaɓoɓin jiki. Hannun dama ya ɗauki karin waƙar a hawan sama. Ƙafar hagu ta riƙe sauti mai kauri, tana takawa a bugu na ɗaya da na uku. Hannun hagu, a hawan ƙasa, ya cike bugu na biyu da na huɗu. Ƙafar dama kuma tana kan wani feda kamar totur ɗin mota, wanda ke buɗe ko rufe jerin allunan katako da ke bakin ɗakunan bututai. A buɗe kiɗa ya yi ƙarfi, a rufe ya lafa. Kun ga gaɓa huɗu, aiki huɗu, kai ɗaya.

Akwai kuma wata dabara da wannan ogan ya shahara da ita, wadda za mu iya kira danni na biyu. Madannin yana da zurfi biyu. In ka danna shi daidai, murya ɗaya ce ke fita. In ka ƙara ƙarfi ya nutse, sai wata murya ta biyu ta shigo a kai. A Blue Skies, ƙarƙashin karin farko akwai wani layin sauti da ke saukowa taki-taki, shi ne ke ba waƙar ɗan alhinin nan kafin ta washe. Mai tsarawa da ya san aikinsa zai ɗora wannan layin a kan danni na biyu, yatsa ɗaya na hannun hagu na jan sa, sauran yatsun na ci gaba da riƙe bugu. Mai sauraro zai rantse mutum biyu ne ke kiɗan.

Aiki na biyu zaɓen murya. Teburin yana kewaye da 'yan harsuna masu launi-launi, an jera su kamar kofaton doki, kowanne yana kunna wani jerin bututai. Sarkinsu shi ne Tibia Clausa, bututun katako mai toshe a ka, mai murya kamar ƙatuwar sarewa. Akwai Vox Humana mai kama da muryar mutum daga nesa, akwai masu kwaikwayon goge, akwai masu kwaikwayon kakaki. Sannan akwai na'urar da ke girgiza iskar, sautin ya riƙa karkarwa kamar mawaƙi na jan murya. Wannan karkarwa ita ce tambarin ogan ɗin silima. Mai tsarawa zai iya fara zagayen farko da taushi, na biyu ya shigo da ganga da sauri, kafin na uku ya gina 'yar gada ya ɗaga waƙar zuwa wani mataki na sama, ya buɗe komai a ƙarshe.

Inda sababbin shiga ke faɗuwa shi ne kwaɗayi. Mutum ya ga muryoyi sun yi yawa, sai ya zuba su duka tun daga farko, kamar mai miyar da ya juye duk kayan ƙamshin da ke kicin. Sakamakon, karin waƙar ya nutse, kuma ba sauran abin da zai ƙara a ƙarshe. Tsofaffin hannu sun san cewa mai sauraro na son ya bi waƙar a zuciyarsa. Da ya ɓace mata, an rasa shi.

Wata wahalar kuma, ba ogan biyu da suke daidai. Abin da ka tsara a kan mai hawa uku, gobe za ka iya samun kanka gaban mai hawa biyu wanda ba shi da rabin muryoyin. A babban zaure ma sautin kan ɗan makara kafin ya iso kunnenka, saboda nisan bututan. Shi ya sa tsarin ba ya ƙarewa, kullum ana gyara.

Abu biyu sun sauƙaƙa wa masu wannan sha'awa a yanzu. Na farko kwamfuta. Akwai manhaja irin Hauptwerk da ke ɗauke da sautin bututai na gaske da aka naɗa ɗaya-ɗaya, mutum ya haɗa ta da madannai a ɗakinsa ya yi atisaye, ya kuma rubuta tsarinsa da MuseScore kyauta. Na biyu doka. A Amurka, haƙƙin mallakar irin waɗannan tsofaffin waƙoƙi yana ƙarewa bayan shekara 95 da buga su. Blue Skies ta riga ta zama ta kowa a can, kowa na iya tsara ta ya raba ba tare da neman izini ba. Wadda lokacinta bai cika ba kuwa, sai da izini.

To mu ina ruwanmu? Abin da Hope-Jones ya yi, mun gan shi da idonmu. Fiyanon da ke situdiyoyin Kano, wanda mutum ɗaya ke fitar da ganga da sarewa da goge daga cikinsa, lissafin ɗaya ne: a rage makaɗa, a rage kuɗi. Kuma muna da namu tsofaffin. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Muryoyinsu na nan a wayoyinmu, alhamdu lillahi. Amma ajiye murya daban, iya kiɗan daban. Matasa nawa ne cikinmu suka zauna da waƙa ɗaya ta kuntigi ko kalangu suka warware ta, suka gane inda bugun yake da inda amshi ke shiga, har hannunsu ya iya? Waɗancan mutanen ba su jira gwamnati ko kamfani ba. Kowa ya ɗauki waƙa guda ya yi mata hidima, shi ya sa abin da kasuwa ta yar tun kusan shekara ɗari har yau yake da masu kaɗawa.

Ga aikin gida. Ku shiga YouTube ku nemi Wurlitzer na Blackpool, ko ku nemi George Wright, wanda fayafayansa suka farfaɗo da wannan kiɗa a shekarun 1950. In bidiyo ne, kada ku tsaya kan fuskar makaɗin, ku kalli ƙafar hagunsa da hannun hagunsa. Sannan ku faɗa mana a ƙasa: wace tsohuwar waƙa ce kuke jin bai kamata ta tsaya a cikin waya kawai ba, kuma wa kuka sani da ya iya kaɗa ta?

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.