Aikin Gayya da Gardamar Harafi a Wikipedia ta Hausa

Babban birnin Jamhuriyar Nijar suna biyu gare shi a wurin Bahaushe. A kasuwa da tashar mota da gidan rediyo ana cewa Yamai, a kan taswira da takardun hukuma kuwa Niamey aka rubuta, bisa ƙa'idar rubutun Faransanci. A magana wannan bai dami kowa ba. Amma maƙala a kundin ilimi kanu ɗaya take ɗauka, saboda haka tilas wani ya zaɓa, kuma duk wanda ya zaɓa ya bar wani da ƙorafi. Haka abin yake game da Damagaram da Zinder, Tawa da Tahoua, Dogon Dutse da Dogondoutchi. Daga irin wannan ƙaramin zaɓi ne gardama mai yawa ke tasowa a Wikipedia, kuma ga ɗalibin kimiyyar harshe gardamar kanta abin nazari ce, domin a cikinta ake ganin yadda ake daidaita harshe ba tare da hukumar daidaitawa ba.

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da na'urori da kuɗin tafiyar da aikin, amma ba ta rubuta maƙala, ba ta kuma biyan marubuta albashi. Kowane harshe da nasa sashe, kuma masu sa kai na wannan harshen ne ke tsara wa kansu dokoki. Aikin gayya ne, sai dai gayyar da ba ta da mai gona: kowa na iya shiga ya yi huɗa, kowa kuma na iya rushe kunyar da wani ya tayar. Abu biyu ke hana aikin wargajewa. Na farko shi ne tarihin gyare-gyare, inda ake ajiye kowane canji da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, ta yadda ana iya maido da abin da aka share. Na biyu shi ne shafin tattaunawa da ke jingine da kowace maƙala, inda ya kamata masu saɓani su baje hujjojinsu. Idan suka ƙi zama, wannan ya sauya wancan ya mayar, to an shiga abin da ake kira yaƙin gyara. Sashen Ingilishi ya kafa dokar da ta hana edita soke gyaran wasu fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24, kuma masu gudanarwa na iya kulle shafi ko su dakatar da mai taurin kai.

Sashen Hausa yana da dubun-dubatar maƙaloli a yau, kuma mafi yawan masu aikinsa daga arewacin Najeriya suke. Wannan ba laifi ba ne, su suka fito gayyar. Amma sakamakonsa a bayyane yake ga duk wanda ya koyi rubutun Hausa a Nijar.

A fara da harafi guda. Tarihin rubutun boko na Hausa ya bi hanyoyi biyu da suka sha kusantar juna ba tare da sun haɗe sarai ba. An yi taron UNESCO na Bamako a 1966, an yi wani a Yamai a 1980 domin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, sannan a watan Oktoban 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar. An dace a kan ɓ da ɗ da ƙ. Inda aka rabu shi ne sautin da ke farkon kalmar da ke nufin ɗiya: Nijar tana rubuta shi da harafi mai lanƙwasa, ƴ, Najeriya kuwa tana sanya alamar hamza kafin y. A kan takarda bambancin bai kai a ɗaga murya ba. A cikin kwamfuta kuwa babba ne, domin na'ura ba ta san sauti ba, lambar harafi kawai ta sani. Alamar da ake sanyawa kafin y tana da siffofi aƙalla uku a tsarin Unicode: miƙaƙƙiya, da lanƙwasasshiya wadda wayoyi ke sauyawa da kansu, da wata ta uku wadda aka tanada a matsayin harafi. Idan aka ƙara da ƴ, aka kuma ƙara da masu rubuta y tsurarta saboda allon rubutunsu ba ya da komai, kalmar ƴanci ta samu fuska biyar. Kowace fuska tana iya zama kanun maƙala mai zaman kanta, har mutane biyu su rubuta abu ɗaya ba tare da sun san da juna ba. Maganin da tsarin ya tanada shi ne shafin da ke tura mai karatu daga wannan rubutu zuwa wancan. Yana warware matsalar bincike, amma bai amsa tambayar wane rubutu ne zai zauna a sama ba.

Rashin lanƙwasa ya fi wannan illa, domin yana taɓa ma'ana. Kafa da ƙafa, baki da baƙi, daki da ɗaki, kowane biyu kalmomi ne mabambanta. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, mai karatu ya riga ya ɗauki nauyin rarrabe kalmomi da yawa ta hanyar muhallinsu. Cire lanƙwasa ƙara masa kaya ne a kan kaya.

Bayan harafi sai kalma, kuma a nan ne iyakar da Ingila da Faransa suka shata take fitowa fili. Yaro a Maraɗi yana zuwa lakwal da kaye da bik, malaminsa kuma mushe ne. Ɗan'uwansa a Katsina, wanda tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai ta yini ba, yana zuwa firamare da littafi da biro. Edita daga Kano da ya tarar da kalmar farfe ko jandarma a maƙala yana iya ɗaukar ta kuskure ya share da zuciya ɗaya, alhali ita ce sunan da mutanen wurin ke kiran abin. Akwai kuma inda kalma ɗaya ce amma abin da take nufi ya bambanta, wanda ya fi haɗari saboda ba a ganin sa. Jiha a Najeriya tana da zaɓaɓɓen gwamna da majalisar dokoki a ƙarƙashin tsarin tarayya. Jihar Maraɗi ko ta Tawa kuwa yanki ne na mulki wanda gwamnatin tsakiya ke naɗa wa gwamna. Jika a Nijar kuɗin sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. A Najeriya an san jaka da fam 100, wato naira 200. Maƙalar da ta ambaci farashi da jika ba tare da bayani ba ta faɗa wa masu karatu biyu abu biyu.

Karin harshe ya fi sauƙin sasantawa, domin an daɗe da yarda cewa daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan karin Kano tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ita ce ta rubutu. Ba'adare ko Bagobiri da ke cewa munka tahi yakan rubuta muka tafi ba tare da jin an zalunce shi ba. Amma daidaiton nahawu dabam, daidaiton ƙamus dabam. Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, wanda cibiyar CELHTO ta Yamai ta buga a 1987, hujja ce da editan Nijar zai iya ajiyewa a shafin tattaunawa kusa da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kuma babu dalilin da zai sa ɗaya ya kore ɗaya.

Sauran harsuna sun sha wannan gwagwarmaya. Mutanen Norway sun raba gari, suna da sashe biyu ga nau'o'in rubutunsu biyu. Sabiyawa da Sinawa sun sa na'urar da ke juya rubutu daga wani tsari zuwa wani bisa zaɓin mai karatu. Masu Ingilishi sun ce maƙalar da ta shafi wata ƙasa kai tsaye a rubuta ta da Ingilishin ƙasar, sauran kuwa a bar su yadda aka soma su. A kan birnin da Polawa ke kira Gdańsk, Jamusawa kuma Danzig, sai da aka kaɗa ƙuri'a a 2005, aka raba sunan bisa zamunan tarihi. Raba gari ba zai amfani Hausa ba, masu aikin ba su kai yawan da za a kasa su biyu ba. Dokar masu Ingilishi ta fi dacewa: maƙalar Tasawa ta zo da kalmomin Tasawa, a yi wa baƙo bayani a jimlar farko.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta madogara. Wikipedia ba ta karɓar abin da edita ya sani da kansa, sai abin da aka wallafa a wurin da ake iya dubawa. Dokar tana da hikima, ita ce ke hana kowa mayar da kakansa sarki. Amma a ƙasar da mafi yawan tarihinta ke bakin maroƙa da dattawa da fadawa, dokar tana fifita wanda ya riga ya samu alƙalami. Labarin Sarauniya Mangu ya isa misali. Ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a Lugu, cikin ƙasar Arewa, a 1899. Takardun sojan Faransa ba su ba ta wuri mai yawa ba. Siffar da duniya ta sani a yau ta fito ne galibi daga ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Abin da mutanen Lugu ke bayarwa, inda sarautar Sarauniya take har yanzu, shi ne tushe na uku, kuma shi ne wanda dokar ta fi wahalar karɓa. Editan da bai yi hattara ba zai kwashe abin da marubuci ya ƙaga ya zuba a matsayin tarihi, ya kuwa kawo shafi da shekara, wanda ya ji daga bakin kakarsa kuma a share nasa. A 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu na naɗar hira da masana na baka a yi madogara da ita, amma hanyar ba ta zama doka ba.

Ko inda littattafai suke, zaɓin kalma yana ɗaukar ɓangare. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, gidan sarautar Katsina ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, na Gobir kuma a Tsibiri bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Wanda ya tashi da littattafan Sakkwato zai iya kiran su waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Wanda ya tashi a Maraɗi, inda har yau ake cewa Sarkin Katsina, zai ce masu kare gadon iyayensu. Ƙa'idar rashin ɗaukar ɓangare ta buƙaci a faɗi wa ya ce me, a jingina kowace magana ga mai ita. Yin haka sai da ayyukan da aka yi a wannan gefen iyakar, irin na Djibo Hamani a kan Adar da na André Salifou a kan Damagaram, da rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Yawancinsu da Faransanci suke, harshen da editan Zariya ba lallai ne ya karanta ba.

Sai matsalar da ba a yin gardama a kanta saboda babu mai lura: fassarar inji da aka liƙa ba tare da tacewa ba. Alamominta sanannu ne. Mace ta fara sakin layi da ta, ta ƙare da ya. Dirka ta saɓa wa jinsin suna. Jimla ta tsaya da ƙafafun Ingilishi tana sanye da rigar Hausa. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots ba ya rubuta maƙaloli fiye da 20,000 a sashen harshen, shekaru suna wucewa ba a ankara ba, domin masu harshen ba su leƙa wurin. Abin tsoron ya wuce shafin kansa. Masu ƙera injin fassara suna ɗibar rubutun Wikipedia su horar da injinansu, sannan editoci su ɗauki abin da injin ya fitar su mayar cikin Wikipedia. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ma'aikacin da zai nemi fassarar wata kalmar mulki a wayarsa gobe, amsar da zai samu tana iya fitowa daga maƙalar da babu wani ɗan Nijar da ya taɓa buɗe shafin tattaunawarta.