Tsohon kuɗi a cikin ƙasa

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa noma gona, hauyarka ta tono wani tsohon kuɗi? A ƙasar Dakoro ba abin mamaki ba ne. Birnin Lalle yana nan kusa, kuma can ne sarakunan Gobir suka zauna a dā. Inda mutane suka daɗe, ba a rasa abin da suka bari: wuri, kan mashi, munduwa, fasasshiyar tukunya.

In ka tsinci babban kuɗin azurfa mai hoton mace, duba shekarar da ke jikinsa. Sau da yawa za ka ga 1780. Kada ka ce lalle a shekarar aka yi shi. Matar sarauniya ce ta ƙasar Ostiriya, sunanta Mariya Teresa. A 1780 ta rasu, amma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ɗaya, don fatake sun yarda da shi. Nauyinsa giram 28 ne. Turawa na ce masa "taler". Daga nan muka samo kalmar dala, wadda yau muke faɗa wa tamma 5.

A Turai akwai masu yawon neman irin waɗannan kaya da inji, don nishaɗi. Mu nan mun san injin ne tun 2014, lokacin da aka ruga neman zinariya a Jado. In ya ji ƙarfe sai ya yi ƙara. Amma bai san tarihi ba! Ƙusa ma kuka yake mata, haka marfin kwalba. Wuri da tukwane kuwa ba ya jin su sam.

To, ga inda matsalar take. A 1975 an gano makabartar Bura, wajen Tera. A 1983 wani masani ɗan Nijar, Bube Gado, ya tone ta a hankali, yana rubuta inda kowane abu yake kwance. Ya samo tukwane masu kawunan mutane, har da mahayin doki na yumɓu. Da labari ya kai Turai, ƴan saye suka zo. Mutane suka yi ta tono babu tsari, suna sayarwa da araha. Kayan sun tafi, ramuka suka rage. Tukunyar da aka fizge daga wurinta, ba mai iya sanin ta wane ce, ko ta yaushe.

Shi ya sa a 1997 aka kafa doka. Ba a tona wurin tarihi, ba a fitar da kayansa waje, sai da izinin hukuma.

In ka yi tsintuwa, kada ka goge ta da toka ko yashi, rubutun zai ɓace. Kada ka kai wa maƙeri ya narke. Tunda yanzu ka iya rubutu, rubuta ranar, da gonar, da zurfin wurin. Sannan ka shaida wa maigari, shi ya kai maganar gaba. A Yamai akwai gidan ajiyar kayan tarihi na Bubu Hama, inda kowa ke iya zuwa ya gani.