Abin da ya kamata ku sani game da cututtukan da ake ɗauka a asibiti

Mutum kan je asibiti da ciwo ɗaya, ya kwaso wani daban a kan gadon jinya. Likitoci na cewa an ɗauki cuta a asibiti idan ta bayyana bayan awa 48 da kwantar da mara lafiya alhali bai zo da ita ba, ko ta ɓulla a wurin yanka cikin kwana 30 da yin tiyata. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa cikin mutum 100 da aka kwantar, 7 ne ke kamuwa a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe masu tasowa, kuma ɗaya cikin 10 na waɗanda suka kamu yakan rasu.

Ta ina take shiga?

Galibi ta inda aka huda jiki ko aka zura wani abu. Robar fitsari kan kai ƙwayoyin cuta mafitsara, kuma duk kwanan da ta ƙara, haɗarin na ƙaruwa. Allurar ƙarin ruwa kan kai su cikin jini kai tsaye. Ɗinkin tiyata, har da na matan da aka yi wa aiki wajen haihuwa, kan yi ruwa ya tara mugunya. Bututun na'urar numfashi kuwa kan jawo ciwon huhu. Jarirai bakwaini, tsofaffi, masu ciwon suga da waɗanda suka ƙone sun fi saurin kamuwa. Babbar matsalar ita ce ƙwayoyin cutar asibiti sun saba da magunguna, da yawansu ba sa jin na yau da kullum.

Wa ke yaɗa ta?

Hannu ne kan gaba. A 1847, wani likita ɗan ƙasar Hungari mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego na mutuwa da zazzaɓi a asibitin birnin Biyana, saboda likitoci kan taso daga binciken gawa su karɓi haihuwa. Da ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu ainun cikin 'yan watanni.

Su ma ma'aikatan lafiya ba su tsira ba. Cutar Ebola da ta shigo Legas a 2014 ta kashe Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta duba mutumin da ya shigo da ita, kuma zazzaɓin Lassa ya sha halaka likitoci da nas-nas a Najeriya.

A asibitocinmu, 'yan uwa ne ke ciyar da mara lafiya, su juya shi, su zubar da fo. Ke nan hannun mai jinya da na ɗan dubiya na cikin lissafi.

Me za ku yi?

Ku wanke hannu da sabulu da ruwa na daƙiƙa 40 zuwa 60 kafin taɓa mara lafiya da bayan taɓa shi, ko ku murza man tsaftace hannu na daƙiƙa 20 zuwa 30. Kada ku buɗe bandeji don ganin ɗinki, kada ku shafa masa komai. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da ƙugun mara lafiya, amma kada ta taɓa ƙasa. Ku riƙa tambayar likita ko lokacin cire roba ko allurar hannu ya yi. Ku tabbata an ɓare sabon sirinji a gabanku. A rage cincirindon dubiya da zama a kan gado. Mai mura, tari ko gudawa ya yi gaisuwa ta waya, yara ƙanana kuma a bar su a gida.

Bayan sallama, idan kuka ga zazzaɓi, kumburi, wari ko ruwa daga ɗinki, ku koma asibiti nan take, kada ku tsaya sayen kafso a kemis.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsaftar hannu da sauran matakan kariya na iya hana kashi 70 cikin 100 na waɗannan cututtuka. Don haka kada kunya ta hana ku tambayar ma'aikaci, cikin ladabi, ko ya wanke hannu kafin ya taɓa majinyacinku.